Wasiƙun ajami goma sha ɗaya a durowar gidan yari: yadda lamarin wani matashi ya kasance a Kaduna

Wannan abin a gabana ya faru, ni ne ma ɗan aiken da ke kai saƙon, shi ya sa na ga gara in rubuta shi daki-daki ko zai amfani masu ɗan uwa a ciki. Ba zan ambaci sunan yaron ba, haka gidan yarin da ma'aikatansa, ya isa a ce a jihar Kaduna ne.

Mafari: Mayu 2022

Yaron tela ne, shekararsa 24 a lokacin, yana ɗinki a wani shago a Tudun Wada, gidansu kuma a Rigasa, katanga ɗaya ta raba mu. Babur ya saya a hannun wani, ashe na sata ne, aka kama shi, daga caji ofis sai kotun majistare, daga nan aka ce a tsare shi. An ba da beli amma sharaɗin ya fi ƙarfin gidan, to sai ya shiga sahun masu jiran shari'a, waɗanda su ne kusan biyu bisa uku na duk mutanen da ke tsare a gidajen yarin Najeriya.

Mahaifiyarsa, da duk unguwa muke ce wa Inna, ta haura sittin, mijinta ya rasu, ga ciwon gwiwa ga hawan jini. Ba ta yi boko ba ko na rana ɗaya amma tana rubuta ajami tsaf, a wurin mahaifinta ta koya, da shi take lissafin adashi da bashin ƙuli-ƙulinta. Shi ma yaron a hannunta ya iya karanta shi tun yana makarantar allo. Ranar da aka kai shi ya roƙi yayarsa da cewa don Allah kar a bar Inna ta zo ta gan shi a wannan wurin, ita ma ƙafar ba za ta iya tsayuwar layin ziyara ba, saboda haka aka tsaya a kan za ta riƙa rubutowa ni ko yayar mu kai.

Mayu zuwa Yuni 2022: lokacin da komai ke wucewa

A watannin nan biyu ba mu sha wahala ba. Ka zo get, a rubuta sunanka da na wanda ka zo gani, ka ajiye waya, a caje ka, a buɗe kular abinci ka ɗanɗana a gabansu, a caccaka tuwon da cokali. Wasiƙar Inna kuwa gandiroban da ke bakin aiki zai buɗe ya juya ta gaba da baya ya girgiza ambulan ɗin, ya miƙo ya ce wuce. Guda huɗu muka kai haka, duk sun isa. Har jaridar Aminiya na taɓa shiga da ita sau biyu ba wanda ya ce uffan.

Yuli 2022: bayan harin Kuje

Daren 5 ga Yuli 2022 aka kai hari gidan yarin Kuje a Abuja, fursunoni sama da 800 suka fice, ƙungiyar ISWAP ta ce ita ce ta kai. Wannan kuma wata uku da 'yan kwanaki ne kacal bayan harin jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna na 28 ga Maris, to kowa a garin nan a tsorace yake. Da na koma ziyara a tsakiyar watan sai na tarar wurin ya canja, ma'aikata sun ƙaru a ƙofa, cajin ya zama har cikin hula da takalmi.

Ranar na je da abu biyar: wasiƙa, ƙaramin rediyo da yaron ya roƙa don ya riƙa jin labarai, jarida, Alƙur'aninsa na warshu mai falle-falle a cikin gafaka, da wata laya da Inna ta ce a ba shi. Rediyon suka ce a'a, yana da ramin mimori. Layar suka ce ɗinkakkiya ce, sai dai in na yarda a farke, na ce a bar ta. Gafakar ma haka, fata ce mai ninki. Jarida aka ce yanzu an hana. Duk waɗannan an mayar mini a hannu na koma da su gida. Wasiƙar ce kaɗai aka karɓa aka ce za a duba a ba shi.

Na koma na ce wa Inna saƙo ya isa, don ni a tunanina ya isa. Sai bayan sati biyu da na kai ta gaba yaron yake tambayata, Yaya, Inna ta yi fushi da ni ne, na ji shiru? A nan na gane ko ɗaya bai gani ba. Na tambaya a get aka ce tana ofis, wane ofis, aka ce in dawo.

Agusta zuwa Disamba 2022: hanyoyin da muka bi ba su ɓulle ba

Da farko mun ɗauka matsalar miƙawa da hannu ce, wai in ta zo da kan sarki ta gidan waya za a fi ganin girmanta. Muka aika biyu a watan Agusta, da sunansa da adireshi da boko a bayan ambulan. Shiru.

Sai yayarsa ta yi abin da bai kamata ba, ba tare da ta faɗa wa kowa ba ta naɗe wata wasiƙar a leda ta cusa a cikin burodi. Burodi kuwa shi ne abin da aka fi yankawa a get, don a cikinsa ake ɓoye sim da ƙwaya. Suna yankawa ta faɗo. Aka yaga ta a gabanta, aka hana ta ganinsa ranar, kuma daga nan duk wanda ya ambaci sunan yaron a ƙofa sai an yi masa cajin da ya fi na kowa. Wata biyu muna fama da wannan tabon.

Hanya ta uku ni na bi ta, kuma kuskure ne. Wani ma'aikaci ya ja ni gefe ya ce in ina so ta isa in kawo masa a waje, naira 1,000 kowace. Guda biyu suka shiga ta hannunsa, ɗaya a ƙarshen Agusta ɗaya a Satumba, ta ukun ya ce kuɗin ya zama 2,000, kafin mu haɗa aka yi masa taransifa. A daidai wannan lokacin shi ma yaron, da ya ga shirun ya yi yawa, sai ya ari waya a wurin wasu na ciki da ke ba da haya a ɓoye ya kira gida minti uku. Aka yi samame aka same ta a kusa da shimfiɗarsa, ya kwana huɗu a ɗakin horo.

Daga nan muka je wurin lauyan da ke riƙe da shari'ar. Ni na je da ƙarfina, don na ji ana cewa sashe na 37 na kundin tsarin mulkin 1999 ya kare sirrin wasiƙun ɗan ƙasa da wayarsa. Lauyan ya zaunar da ni ya ce haka ne, amma wanda ke tsare hukuma na da damar karanta abin da ke shigar masa da wanda ke fita, abin da ya kamata ya zama sirri shi ne maganarsa da lauyansa. Duk da haka ya rubuta takarda ga shugaban gidan yana neman a saki wasiƙun. An karɓa an buga hatimi, ba amsa.

Cikin Oktoba jinin Inna ya hau aka kwantar da ita kwana biyar, yayarsa kuma ta faɗa masa a ziyara. Da ta samu sauƙi sai na kawo shawarar da na ga kamar ita ce mafita: ta riƙa faɗa ina rubutawa da boko. Wannan kam ta wuce get ba gardama, guda uku muka kai a Nuwamba da farkon Disamba, duk sun isa hannunsa. Amma abin da ya biyo baya ban taɓa kawo shi a raina ba. Na je ziyara na tarar ya rame, idonsa ya faɗa, wani da suke ɗaki ɗaya ya ce kwana uku ke nan ba ya cin abinci sai an matsa masa. Ya riƙe wasiƙar ya ce mini, Yaya, ka ji tsoron Allah ka faɗa mini gaskiya, wannan rubutunka ne, in Inna na da rai me zai hana ta rubuto da hannunta? Na rantse masa, bai yarda ba, shi a ganinsa ta rasu a asibitin nan muna ɓoye masa.

Dole muka karya alƙawarin da aka yi masa. Ƙarshen Disamba muka ɗauko ta a keke napep tun daga Rigasa, ta yi wajen awa biyu a layi, rabi a tsaye rabi a zaune a kan dutse, ta gan shi na minti goma, suka yi ta kuka su biyu ba su ma yi wata magana mai tsawo ba. Da muka koma gida ta kwanta sati biyu. Hankalinsa ya kwanta, amma mun san ba za a iya maimaita wannan tafiyar ba.

A taƙaice daga tsakiyar Yuli zuwa ƙarshen Disamba Inna ta rubuta wasiƙa 14 da hannunta. Biyu suka isa ta hanyar da bai dace ba, ɗaya aka yaga, 11 ba labari.

Janairu 2023: ranar da aka buɗe durowa

Wata dattijuwa da muke haɗuwa a layi, ɗanta ya shekara huɗu a ciki, ita ta ce mini ɗan nan kana ɓata bakinka a get, su nasu caji ne kawai, ka nemi ofishin walfiya. Wata takwas ina zuwa wurin ban san da wannan ofishin ba. Sai da na je sau uku kafin na samu jami'in a zaune.

Mutumin ya saurare ni har ƙarshe, sannan ya ja durowa ya fito da ƙunshi ɗaure da roba. Na ƙirga, 11 cif, har da biyun nan masu kan sarki. Akwai kuma wasu na wasu mutanen a ƙasa, su ma da harufan Larabci. Na ce Yallabai me suka yi? Ya ce ba su yi komai ba, umarnin da ke kansa shi ne takarda ba ta shiga sai an karanta an san abin da ke ciki, shi kuma Turanci da Hausar boko yake karantawa, abokin aikinsa ma haka, kuma tun bayan Kuje ba ma'aikacin da zai sa hannu a kan rubutun da bai iya karantawa ba, in wani abu ya faru wuyansa za a kama. Ya ƙara da cewa da tawada aka yi su, wani ma ya ce masa ƙila rubutun sha ne ko wani asiri.

Na ciro naira 500 daga aljihu na nuna masa rubutun da ke jiki na ce Yallabai wannan fa Hausa ce, naira ɗari biyar aka rubuta, irin wannan rubutun ne Inna take yi, gaisuwa ce da addu'a da labarin awakinta. Ya karɓa ya duba ya ce shi duk zamansa ya ɗauka Larabci ne. Na ce to in karanta masa, ya ce a'a, kai ɗan gida ne, me zai hana ka karanta mini abin da ba shi ne a rubuce ba? Wannan maganar tasa gaskiya ce, ban ja ba.

Fabrairu 2023: abin da ya yi aiki

Lauyan ne ya haɗa ni da wata lauya mai aikin kare haƙƙin fursunoni, ita ta fara nuna mini ƙa'idojin Majalisar Ɗinkin Duniya kan kula da fursunoni, waɗanda aka sabunta a Disamba 2015 aka sa musu sunan Nelson Mandela, guda 122 ne. Ta 58 ta ce a bar fursuna ya riƙa hulɗa da iyalinsa ta wasiƙa da ziyara a kai a kai, amma ƙarƙashin sa ido. Ta 63 ta ce a bar shi ya san muhimman labarai ta jarida ko rediyo ko makamancinsu da hukumar gidan ta amince da su, ta 64 kuma ta ce kowane gidan yari ya zama yana da ɗakin karatu. Ta ce mini kar mu je da faɗa, tunda ƙa'idar da kanta ta yarda a karanta, mu dai mu nemo wanda zai karanta da su ma suka yarda da shi.

Ashe mutumin yana cikin gidan: limamin masallacinsu. Muka same shi bayan azahar na ce Allah gafarta malam ga abin da ke tafe da mu. Ya ɗauki ɗaya ya karanta a bayyane ba ko tuntuɓe, da ya kai inda Inna ke cewa ɗan akuyar da ka bari ya girma na ƙi sayarwa sai ka dawo, sai ya yi shiru ya ajiye takardar. Shi ya je wurin shugaban gidan da kansa tare da jami'in walfiya, bayan kwana tara aka amince bisa sharuɗɗa. Falle ɗaya kawai, da biro ba da tawada ba, ambulan a buɗe, ban da maganar shari'a ko sunan mai ƙara da shaidu, ban da lambar waya. Liman zai karanta a gaban jami'in ya sa hannu a baya, shi ma jami'in ya sa.

Ni kuma na ƙara abu ɗaya da kaina, na sayo littafi mai kauri na bari a ofishin ya zama rajista, duk wasiƙar da na kawo a rubuta rana, ranar da aka ba shi kuma ya sa hannu. Lokacin ana tsakiyar wahalar canjin kuɗi, kuɗin mota ma sai an sha fama, to ba na so in riƙa zuwa ina tambayar abin da littafi zai iya amsa mini.

Sauran kayan kowanne da yadda ya ƙare. Alƙur'ani an karɓa da muka kawo ɗaurarre muka ba da shi ta hannun liman. Littattafan sakandare, don ya tsaya ne a aji biyar kuma yana son ya koma, an ce mu kawo masu laushin bango da ba a yi rubutu a ciki ba, kuma a matsayin kyauta ga ɗakin karatun gidan, daga can ya ara. Shida muka kai, an karɓi biyar, ɗayan bangonsa mai tauri ne sai da muka cire. Jarida wani satin ta wuce in tsohuwa ce, wani satin a ce a'a, ya danganta da wanda ke get. Rediyo kuwa har ya fito ba a yarda ba, ko da muka samo wanda ba shi da ramin mimori.

Fabrairu zuwa Oktoba 2023: sakamako

Rajistar ta nuna wasiƙa 16 Inna ta aika a wannan tsakanin, 15 sun isa, yawanci cikin kwana uku zuwa bakwai, ya danganta da ranar da liman ya samu zama. Ɗaya aka dawo da ita don ta ambaci sunan mai babur ɗin tana cewa Allah ya isa, aka faɗa mana dalili ta sake rubutawa. Shi ma ya rubuto amsa bakwai ta wannan hanyar. Tsofaffin 11 ɗin an ba shi tara bayan liman ya karanta, biyu an riƙe saboda akwai zancen kotu a ciki. Ya koma cin abinci, bai sake taɓa wayar haya ba, ba a sake kai shi ɗakin horo ba.

A Oktoba 2023 kotu ta sassauta sharaɗin belin ya fito, bayan wata 17 a tsare.

Yadda na ga lamarin

Binciken da ake yi a ƙofa ina ganin yana da hujja. Na ga sim da aka ciro daga sabulu da idona, kuma wanda ya ga abin da ya faru a Kuje ba zai ce a bar takarda ta shiga ba a duba ba. Mu ma mun ƙara wa kanmu wahala, burodin nan da kuɗin da na bayar sun sa an daina yarda da mu a lokacin da muka fi buƙatar yardar, wayar hayar kuma yaron ne ya biya da jikinsa.

Inda nake ganin an gaza shi ne shirun. Rediyo da laya an ce mini a'a a fuskata an faɗi dalili, na koma gida na san matsayina. Wasiƙa kuwa an karɓa an ajiye wata shida, ba a faɗa wa mai aikowa ba, ba a faɗa wa wanda aka aiko wa ba, kuma duk gidan ba inda aka manna takarda da ke cewa ga abin da ke shiga ga wanda ba ya shiga, alhali ƙa'ida ta 54 da ta 55 a cikin waɗancan ƙa'idojin sun ce a ba fursuna dokokin gidan a rubuce tun ranar da ya shigo, da harshen da aka fi ji a wurin. Da ranar farko wani ya ce mana ba mai karanta ajami a ofis, da a satin za mu nemo liman. A 2019 aka canja wa hukumar suna daga ta gidajen yari zuwa ta gyaran hali, kuma ni ban ga abin da ya gyara halin yaron nan kamar takardar uwarsa ba.

Sannan akwai abin da ni kaina sai a wannan karon na fahimta, wato rubutun hannun. Na ɗauka saƙo shi ne kalmomin, shi ya sa na mayar da su boko, ashe shi abin da yake nema ya ga yadda take jan harafinta ya tabbatar tana nan. Mandela da aka sa wa ƙa'idojin sunansa, a farkon zamansa a tsibirin Robben wasiƙa ɗaya ake ba shi a wata shida, ita ma an yanke wasu wuraren. A jihar Pensilbeniya ta Amurka tun 2018 suka daina ba fursuna ainihin takardar, sai a ɗauki hotonta a ba shi kwafi, saboda ana jiƙa takarda da ƙwaya. Ko wannan kwafin da mun samu a watan Nuwamba da ba mu ɗauko Inna daga gadon jinya ba.

Abin da ke damuna har yanzu, tsarin da ya yi mana aiki ba a rubuce yake ba, ya rataya ne a kan mutum biyu, liman da jami'in walfiya, kuma ma'aikaci kullum ana iya ɗauke shi. Wata biyu bayan fitowar yaron na koma kai wa wani abokin ɗakinsa sabulu da garin kwaki, na leƙa ofishin na tarar rajistar na nan, an ci gaba da amfani da ita, na ga sunayen mutum huɗu da ban sani ba. A layi kuma na haɗu da wani dattijo da ya taso tun daga wajen Giwa riƙe da ambulan, na tambaye shi Baba da wane rubutu aka yi ta, ya ce ajami, na ce to kar ya miƙa a get, na raka shi har ƙofar ofishin walfiya muka zauna jiran liman ya idar da sallah.